Sandar da Ta Riga Ruwa

Ban taɓa mantawa da ranar da Helma Garba ya gaishe ni ba, kuma ba na jin zan manta. Wata bakwai ina aiki a ofishin nan bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. In zai ba da takarda sai ya jefa ta kan tebur ya ce, "Ke, buga." Ranar nan kuwa sai ga shi da sallama, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya tambayi lafiyata, da ta Gwaggo, da ta mutanen Kaya, da gajiyar jiya da ta shekaranjiya, har ya kira ni Malama Hafsatu. Yana cikin gaisuwar ya sa diddige ya tura ƙofa ta rufe.

Rabi da Ladidi, ku da kuka zo bayana, kun sha yi mini dariya wai ina tsare leburori da tambayar "wanne ya riga wanne" kamar alƙali. To ga mafarin abin. Gara ku ji daga bakina.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ɗan kamfaninmu shi ke haƙa ƙananan kanal masu ɗaukar ruwan dam zuwa gonakin da ke tsakanin Mafara da Bakura. A sama akwai Injiniya, Bature ne, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "maza maza" ba. Ƙarƙashinsa Malam Isa babban akawu, sai helma, wato shugaban leburori, sai ni mai tafireta. Kullum da yamma ake yin rahoton yini. Mutane su faɗa mini da Hausa, in juya shi Turanci, in buga kofi biyu da takardar kabon, in sa hannu a ƙasa. Na saman ana zura shi cikin wani akwatin ƙarfe mai tsaga, wanda Injiniya kaɗai ke da makullinsa. Na ƙasan na helma ne. Abin da ya shiga akwatin nan ya shiga ke nan.

Sai dokar jar sanda. Duk ranar da za a saki ruwa a sabon kanal don gwaji, akwai mai kewaya, wanda zai taka daga ƙofar ruwa har ƙarshen kanal ya dawo, yana leƙa kowane kwalbati, yana korar yara da dabbobi da masu aiki. Yana riƙe da sanda mai jan fenti. Mai tsaron ƙofa ba zai murɗa ƙarfe ba sai sandar nan ta dawo hannunsa. Babu takarda, babu waya, sandar ce maganar. Mai kewayarmu shi ne Buba, Bafillatanin Damaga, dogo mara magana, wanda kan jingine sandar kiwonsa a kusurwar ofishinmu da safe ya ɗauki jar. Mai tsaron ƙofa kuwa Baba Ɗantani ne, tsoho, mutumin garinmu.

Ranar Litinin ce, cikin bazara, Injiniya ya tafi Sakkwato sai Laraba. Tagata tana kallon hanyar da ta nufi ƙofar ruwa. Wajen ƙarfe ɗaya, ina sa sabon zare a tafireta, Helma ya wuce a kan babur, jar sanda ɗaure a bayansa. Na ganta sarai. Abin da ya zo mini a rai kawai shi ne, yau Buba ya sami mai rage masa hanya. Ba a jima ba na ji kukan ƙarfen ƙofa, sai rurin ruwa.

Kafin a kira azahar ihu ya iso mu. Ashe akwai wani magini, Sani, yana liƙe tsaga a cikin kwalbati na biyar. Ruwa ya same shi a durƙushe, ya fyaɗa shi da bango, ya fitar da shi ta ɗaya bakin. Abokan aikinsa suka jawo shi da ƙyar, ƙafa a karye, ya sha ruwa har ba ya gane mutane. Malam Isa ya sa shi a mota ya nufi asibiti da shi.

Kun san yadda ƙasar nan take a shekarun nan. Manoman da aikin dam ya ci gonakinsu ransu a ɓace yake, 'yan sanda kuma ko guga ce ta faɗa rijiya sai su ce zagon ƙasa ne. Ba a yi awa guda ba suka zo suka ɗauki Baba Ɗantani. Da za su wuce da shi ta gaban tagata ya turje, ya ce, "Ɗiyata, ki rubuta. Sanda ta zo hannuna sannan na murɗa. Wallahi ta zo." Aka tura ƙeyarsa, takalminsa ɗaya ya zame ya bar shi nan a ƙasa.

Bayan la'asar ne Helma ya shigo da doguwar gaisuwarsa.

Ya jawo kujerar Malam Isa ya zauna daf da ni. Ya ce, "Malama, rahoton yau ba shi da wuya. Magana biyu ce. Ɗantani ya buɗe ƙofa. Gaskiya ko ƙarya?"

Na ce, "Gaskiya ne."

"Sanda ta iso ƙofa. Gaskiya ko ƙarya?"

"Gaskiya ne."

"To ki jera su haka nan. Ta fari, sannan ta biyu. Ban ce ki yi ƙarya ba, Allah shi tsare ni da sa ɗiyar malamai ƙarya. Ki jera su kawai, kada ki yi musu ado."

Na gane abin da yake nufi da ado. Helma ya yi firamare har ya gama, yana karanta rahoto fiye da yadda yake nunawa. A Turanci, in ka jera abubuwan da suka wuce da sigar nan ta kai tsaye, mai karatu zai ɗauka yadda ka jera su haka suka faru. In kuwa na biyun ya riga na farkon faruwa, dole ka sa masa kalmar nan "had", ita ce ke mayar da shi baya. Malamarmu ta sakandare takan ce, baƙi biyu ne suka zo gidanka, ɗaya ka ambata daga baya amma shi ya fara sallama, to ka ba shi haƙƙinsa. A aji mun ɗauke shi abin cin jarrabawa. Yau ga shi a gabana, mutum a kulle.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai na ga sandar a bayan babur ɗinka tun kafin ruwa."

Bai ɗaga murya ba. Da ya yi tsawa da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauki hular tafireta ya ninke ta a hankali ya ajiye.

"Kin gani ko kin yi mafarki? Zafin bazara na sa mutum gane-gane. Ke ɗiyar Malam Usmanu ce ta Kaya ko? Ɗantani shi ma na Kaya ne. Kawunki kuma, ba shi anka gani cikin masu tare hanyar katafila ba? Tsoho ya saki ruwa kan ma'aikaci, 'yar garinsu ta gyara mashi takarda. Mi kike jin Sufeto zai kira wannan? Motar da ta ɗauki tsoho akwai sauran wuri cikinta."

Ya miƙe ya tsaya bakin taga ya ba ni baya. "Buga, ina jira."

Na sa takarda biyu da kabon. Sau uku tana karkacewa ina cirewa. Na buga kwanan wata, na buga yawan leburori da buhunan simintin da aka yi aiki da su. Na buga cewa mai tsaron ƙofa ya buɗe ƙofa wajen ƙarfe ɗaya. Sai na tsaya. Ba zan ce muku jarumtaka ta zo mini ba. Abin da na tuna kawai, ina iya hango takalmin tsohon nan ta ƙarƙashin hannun Helma, rana na dukansa. In na bi yadda ya ce, kowace kalma gaskiya ce, in rantse da Alƙur'ani a kanta ba abin da zai same ni, tsoho kuma ya tafi gidan yari. Na rufe ido na danna haruffa ukun nan, na ƙarasa da cewa sandar ta riga ta iso, kuma helma ne ya kawo ta a babur.

Na zare takarda, na sa hannu, na zura ta saman cikin akwati kafin ya juyo. Ƙarar faɗawarta ce ta juyo da shi. Ya karɓi kofinsa ya karanta yana motsa leɓe. Ya ninke shi huɗu ya sa a aljihu.

Ya ce, "To, kin zaɓa." Ya sa takalminsa ya fita, wannan karon babu sallama.

Ranar Talata da hantsi Sufeto ya zo da kansa. Ya zauna kan teburina, ƙafarsa ɗaya na lilo. Ya tambaye ni dangantakata da Baba Ɗantani, ya tambayi sunan kawuna, ya tambayi wanda ya koya mini abin da zan rubuta. Na ce ba wanda ya koya mini, da idona na gani. Ya ce, "Ido ɗaya ne naki, helma kuma yana da nasa. Shi ya ce sanda na hannun mai kewaya har bayan azahar. Gobe in Bature ya dawo za a zauna. Kada ki bar gari, yarinya. In aka samu kin murɗa rahoto, ke da tsohon tafiyarku ɗaya."

Yana fita na tafi neman Buba.

Na same shi a gindin bishiyar dogon yaro yana zaune a kan dugadugansa. Na durƙusa nesa kaɗan na ce, "Buba, don Allah, kai ka san inda sandar take jiya." Bai dube ni ba. Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke, sannan ya ce, "Malama, ni baƙo ne cikin aikin ga. Helma ya samo man shi, shi ya tsaya man lokacin da shanuna sunka ƙare. Ba ni iya kallon idonai in ce mashi kai ne." Na gane ba zai yi ƙarya ba, amma kuma ba zai yi magana ba, shirunsa kuwa ya isa ya kai ni inda ake son kai ni.

Da Malam Isa ya ga ba na iya buga layi guda, sai ya ce in tafi gida. Ban tafi gida ba. Ranar kasuwar Mafara ce, na san Baffa, mahaifina, yakan zo sayen takarda da ƙaro na tawada. Na same shi a layin masu littattafai, na ja shi gefe na zayyane masa komai ina kuka. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Abin da ki ka rubuta, kin gani?"

Na ce, "Na gani, Baffa."

Ya ce, "To da kin rubuta wancan, da ni zan fara kai ƙararki. Share hawaye, mutane na kallo."

Ba abin da nake son ji ke nan ba. Ina son ya ce zai ɓoye ni a Faru wurin 'yan uwan Inna. Aka kira la'asar, masallacin kasuwa ya cika, sai Baffa ya koma bayan rumfuna inda fili yake. Ina zaune ina tsaron kayansa. Ya shimfiɗa buzu, ya ɗauki sandarsa ya soke ta a ƙasa gabansa, kamar yadda mai salla a fili kan kafa wani abu don kada a gitta masa. Sau dubu na ga yana yin haka. Amma ranar sai na miƙe tsaye ban sani ba. Buba! Kullum in azahar ta same shi a bakin kanal, jar sandar nan yake sokewa gabansa. Daga nesa ma da ita ake gane shi ne ke salla. Tasa ta kiwo kuwa tana ofis. To jiya me ya kafa?

Da sassafe ranar Laraba na tare Malam Isa tun kafin ya jingine kekensa, na gaya masa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "In kuma ya ce jar sanda ya kafa fa? Kin ga da hannunmu mun rufe ki." Na ce na sani. Ya ce, "Allah Shi ba mu sa'a," ya shige.

An zauna a rumfar da ake ajiye siminti. Injiniya da Sufeto a kan kujeru, rahotona a gabansu. Malam Isa ne tafinta, ni an hana ni, tunda ni ma abin tuhuma ce. Aka zaunar da ni a benci ɗaya da Baba Ɗantani, wanda kwana biyu suka mayar da shi kamar ya yi jinya. Motar 'yan sanda na tsaye a bakin rumfa, ƙofar bayanta a buɗe. Duk inda na kai idona sai ya dawo kan ƙofar nan.

Helma ya yi bayani tiryan-tiryan, har da tausaya wa tsoho, wai tsufa ne, ba mugunta ba, yarinya kuma zumunci ya ɗebe ta. Ni kaina da ban gani da idona ba da na yarda. Injiniya ya sa alƙalami a ƙarƙashin layin nan nawa, ya tambaye ni da Turanci ko na san bambancin abin da na rubuta. Na ce na sani. Ya ce ko kuskure ne, in kuskure ne yanzu ne lokacin faɗa. Wallahi sai da bakina ya buɗe zai ce kuskure ne. Na ji tsoho na jan carbi a gefena. Na ce ba kuskure ba ne.

Aka kira Buba. Sufeto ya ce, "Wa ya kai sanda ƙofa?" Ya ce, "Sanda dai ta koma, ranka shi daɗe." Aka juya tambayar ta kowace fuska, amsar ɗaya. Sufeto ya fara rufe littafinsa. Sai Malam Isa ya nemi izinin tambaya guda.

"Buba, ran Litinin ina ka yi azahar?"

"Kusa ga kwalbati na ukku, wurin masu albasa."

"Kai kaɗai?"

"A'a, mu huɗu. Ni na ja su."

"Mi ka kafa gabanka?"

Helma ya yi dariya ya ce, "Yau kuma wa'azi munka zo?" Ba wanda ya taya shi. Mutum na iya kawar da kai daga maganar helma, amma maganar sallarsa, gaban mutane, ga waɗanda suka bi shi suna raye, wannan dabam ce.

Buba ya ce, "Kalme. Na ari kalmen noma na wani dattijo."

"Ina jar sanda?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba ta hannuna. Tun ban kai kwalbati na ukku ba Helma ya ishe ni bisa babur, ya ce daga ƙarshe ya fito, babu kowa, in kawo ya kai, ana sauri. Na ba shi. Babba ne." Sai hawaye, ƙaton mutum. "Da ruwan ya wuce ni na san na yi ɓarna."

Na zaci shi ke nan. Ina! Helma ya ce an haɗa baki ne, Sufeto kuma ya ce ba zai kama maganar mutumin da ya sauya baki ba sai ya ji daga masu albasa. Aka tura ɗan sanda da keke. Muka yi ta zama. Har aka yi azahar. Ina ta lissafin abin da zai faru in sun tafi wata gona, ko sun ji tsoron kaki sun ce ba su san komai ba, kamar yadda kowa ke yi a kwanakin nan. Sai bayan la'asar suka iso, su uku, dattijon riƙe da kalmensa a kafaɗa don an ce masa kan kalme ake nemansa. Ya ce, "Ƙwarai, na ba shi. Har na ce mashi, Fillo, yau ina 'yar jar taka? Bai tanka man ba."

Daga baya muka ji cewa Helma ya yi wa Injiniya alkawarin gama gwajin kafin ya dawo, ya kuma ɗauka magina sun fita cin abinci. Bai nufi kowa da sharri ba sai da abin ya faru.

Abin da nake so ku riƙe, ku biyu, mutanenmu in suna ba da labari da abin da ya fi yi musu nauyi suke farawa, ba da abin da ya fara faruwa ba. Wani kuma kunyar babba za ta sa ya ba ki rabi. Mai karanta takardarmu bai san su ba, bai ga komai ba, jerin da muka ba shi kawai ya sani. Don haka kada ku sa takarda a tafireta sai kun tambaya wanne ya riga. Kuma in wanda bai saba gaishe ku ba ya zo da doguwar gaisuwa, ku tashi ku buɗe ƙofa.

Ƙarfe biyar saura kwata, ina kallon agogon hannun Sufeto, ya rufe littafinsa ya ce da Helma ya shiga mota. Ya juyo gare ni ya ce, "Ke, tafi gida. Babu sunanki a wurina."

Na ci gaba da zama a benci. Malam Isa ya ce, "Zauna abinki, ɗiyata, ba mai korar ki." Baba Ɗantani ne ya riga ni miƙewa. Ya tsaya yana dube-dube a ƙasa, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Sai a lokacin na tuna. Na ce masa, "Baba, yana cikin durowata, ƙarƙashin takardun kabon."